Kafin ka tambayi batir, fara tambayar shok

1/
Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 aka fara ganin keke mai batir a Zariya. Tambayar kowa biyu ce: kilomita nawa batir ke kaiwa, gudu nawa yake yi? Ba mai tambayar shok. Ni kuwa a ganina shok ne ke raba wanda ya isa gida da wanda ya kwana a asibiti. Zare 🧵

2/
Ɗalibin injiniya ne ni a ABU, gidanmu na cikin birni. Hanyata Ƙofar Doka, Tudun Wada, PZ, Kwangila, Samaru. Ran Asabar kuma in an samu sarari sai wajen Kufena. Abin da zan faɗa ba sai kana da keken miliyoyi ba. Ko mashin ɗin yayanka kake ara, ka tsaya ka karanta.

3/
Mutane sun ɗauka shok don jin daɗin zama aka yi shi. Wannan gyara ce kawai aka ɗora maka. Aikinsa na gaskiya shi ne ya manne taya da ƙasa. Tayar da ta tashi sama ba ta cin birki, ba ta shan kwana. Ko birkinka ya kai na tirela, in taya tana iska, sai addu'a.

4/
Me ya sa abin ya fi tsanani a keke mai batir? Nauyi. Keken hawan dutse na feda zalla yakan yi kilo 13 zuwa 15. Mai batir yakan kai 22 zuwa 25, wani ma ya wuce. Wannan ƙarin kilo goman duk a kan shok yake sauka, duk lokacin da ka faɗa rami.

5/
Sai gudu. Ka tuna fiziks ɗin sakandare: in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karo sau huɗu yake ninkuwa. Ramin da ka saba ratsawa da gudun kilomita 15 a awa, in ka shige shi da 30, ba ramin jiya ba ne. Rami ɗaya ne, amma dukan huɗu za ka sha.

6/
A Turai doka ta ce injin keken ya daina taimaka maka in ka kai kilomita 25 a awa. A Amurka akasari 32 ne. Mu nan abin da ake fara yi maka talla da shi shi ne "an cire masa takunkumi, yana tashi sama". To madalla. Shok ɗin fa, wa ya duba shi?

7/
Ga al'adar da nake faɗa da ita: "a ɗaure shi tamau, ya fi ƙarko." Za ka ji ta a bakin bakanike, za ka ji ta a majalisa. Ana matse sifirin har ƙarshe, ko a dura iska har shok ya zama taɓarya. Wai kada ya lalace. To shi ba zai lalace ba, kai ne za ka lalace.

8/
Shok mai tauri ba ya haɗiye gargada, tsalle yake a kanta. Taya na taɓa ƙasa tana tashi, tana taɓawa tana tashi. Kan tsakuwa ko marmara sai ka ji gaba yana zamewa kamar ka taka ɓawon ayaba. Dukan da bai shanye ba kuma hannunka, bayanka da wayoyin taya ne za su sha.

9/
Mai laushi da yawa shi ma ba alheri ba ne. Kana zama ya riga ya cinye rabin tafiyarsa. Rami na farko sai ka ji "ƙwas", ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Keken ya yi ƙasa, feda ta daki dutse, ƙasan injin ya gogu. Ka taka birki gaba ya nutse, kai kuma ka wuce ta saman kan keke.

10/
Saiti uku ne, kuma a jere ake yin su:
1. Nitso: yadda yake nutsewa in ka hau
2. Dawowa: saurin da yake miƙewa bayan ya matsu
3. Matsewa: saurin da yake shigewa in an buge shi
Kada ka tsallake na ɗaya ka tafi na biyu. Gini ba ya farawa daga rufi.

11/
NITSO. Shok na buƙatar ya ɗan nutse da nauyinka, don in taya ta zo kan rami ya samu abin da zai miƙa ya bi ta ƙasa. Ƙa'idar da aka saba: baya kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tafiyarsa, gaba 15 zuwa 20. Mafari ne wannan, daga nan kake gyarawa.

12/
Yadda ake aunawa: sa kayan da kake hawa da su, har jakar baya da gorar ruwa. In kwamfuta kake goyawa zuwa Samaru, goya ta. Samu abokinka ya riƙe maka kan keken a wuri mai shimfiɗe. Ba abokin da zai sake ka don ya ɗauki bidiyo ba 😅

13/
A jikin sandar shok mai sheƙi akwai ɗan zoben roba. Hau, ka tsaya kan feda yadda kake tsayawa in za ka gangara, ka ɗan girgiza keken sau biyu uku, ka natsu. Abokin ya tura zoben ya manne da bakin shok. Sai ka sauka a hankali, ba tare da ka ƙara danna shi ba.

14/
Yanzu ɗauko rula ka auna tazarar da zoben ya matsa. Misali shok ɗin baya mai tafiyar milimita 60, kashi 30 ɗinsa milimita 18 ne. Na gaba mai 160, kashi 20 ɗinsa 32 ne. Ya wuce haka? Ƙara iska. Bai kai ba? Rage. Lissafin bai kai na canjin mai shayi wuya ba.

15/
In naka ba shi da zobe, ɗaura siririyar igiyar roba irin ta ɗaure waya, ka auna, sannan ka cire ta. Kada ka bar ta a jiki. Ƙura za ta maƙale a ƙarƙashinta ta dinga kartar sandar.

16/
Abin lura: nauyin mai keke ake bi, ba sunan keke ba. Ni mai kilo 62 da abokina mai 90 ba za mu hau saiti ɗaya ba. Keken da ya zo daga kwantena da saitin wani ƙaton Bature ya zo. Ba a taɓa auna ka ba, ya za a yi ya dace da kai?

17/
Maganar iska. Don Allah kada ka kai shok wajen mai faci. Ba raini ba ne, kayan aikin ne daban. Ɗakin iskar shok ɗan mitsitsi ne, kuma na baya yakan ɗauki psi 150 zuwa sama da 200. Famfonsa na musamman ne, ƙarami mai agogo, yana kaiwa 300. Ku haɗa kuɗi mutum biyar ku sayi ɗaya.

18/
Yawancin shok ɗin gaba na da jadawali manne a ƙafarsa: nauyinka kaza, iska kaza. RockShox ma suna cewa a ƙara psi 10 in keken mai batir ne. Kana durawa kana ɗan danna shi lokaci lokaci, don iskar ta daidaita a ɗakunansa biyu. In ba haka ba awonka zai yi maka ƙarya.

19/
Ƙarar "fiss" da kake ji in ka kwance famfo, daga tiyon famfon take fita, ba daga shok ba. Kada ka ce bari in ƙara don cike gurbi. Da yawa a nan suke ɓata saitin da suka gama wahalar yi.

20/
DAWOWA. Wannan ne ya fi kayar da mutane, kuma shi aka fi mantawa da shi. Sifirin ko iska in an matse su, so suke su harba da ƙarfi. Mai ne a ciki yake bi ta ƙananan ƙofofi yana rage musu zafin kai. Jan maɓallin nan da ke jikin shok shi ke buɗe ƙofar ko ya rage ta.

21/
A wasu za ka ga hoton zomo a gefe ɗaya, kunkuru a ɗayan. Ka juya wajen zomo, dawowa ta yi sauri. Wajen kunkuru, ta yi sanyi. Kowane juyi yana yin "ƙas" ɗaya. Ka rufe shi gaba ɗaya ka ƙirga ƙas nawa kake buɗewa, ka rubuta a waya, don gobe ka san inda kake.

22/
In ya yi sauri da yawa, baya zai harba ka kamar jakin da aka tsikara. Ka hau tudun rage gudu irin wanda ake ginawa a bakin lungu, gaba ya wuce lafiya, baya ya tura ka sama. A gangaren dutse wannan harbin shi ke aika mutum da ka.

23/
In ya yi sanyi da yawa kuma, bai gama miƙewa daga rami na farko ba na biyu ya iso, na uku ya biyo. Sai ya dinga tattarewa ƙasa har ya zama kamar babu shi. Za ka ce shok ya yi tauri, ka je ka rage iska, alhali ba nan matsalar take ba. Zomo yake nema, ƙas ɗaya ko biyu.

24/
Gwaji mai sauƙi: zauna kan sirdi ka sauko daga dakali ko gefen kwalbati, a hankali. Ya kamata baya ya nutse, ya dawo, ya ɗan yi lilo sau ɗaya ya tsaya. Ya yi ta rawa? Juya wajen kunkuru. Ya dawo kamar mai jin barci? Wajen zomo.

25/
Na gaba kuma: tsaya gefen keken, danna kan da ƙarfi ka saki nan take. Ya dawo da hanzari amma taya kada ta ɗaga daga ƙasa. Ra'ayina, gara baya ya fi gaba sanyi da kaɗan. Gaban da ya yi sauri hannu zai gajiyar, bayan da ya yi sauri haƙori zai cire.

26/
MATSEWA. Shuɗin maɓalli ne yawanci. Shawarata ga mai farawa: buɗe shi, ka bar shi a buɗe. In ka ga gaba na nutsewa sosai lokacin birki, ƙara ƙas biyu. Makullin da ke kashe shok gaba ɗaya na kwalta ne mai santsi. Ka manta da shi a kulle ka gangara Kufena, jikinka zai gaya maka.

27/
Bayan hawa ka duba inda zoben ya tsaya. In kullum yana ƙarshe alhali nitsonka daidai ne, akwai 'yan robobi da ake sawa cikin ɗakin iska su rage faɗinsa, sai shok ya yi laushi a farko ya yi tauri a ƙarshe. In kuma bai taɓa wuce rabi ba, ka biya kuɗin tafiyar da ba ka amfani da ita.

28/
Doka ɗaya a kan duk wannan: abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. Zaɓi gajeriyar hanya mai gargada, ka bi ta, ka canza ƙas ɗaya, ka sake bin ta. Ka murɗa abu uku tare, ko ya gyaru ba ka san wanne ya gyara ba, ko ya ɓaci ba ka san wa za ka zarga ba.

29/
Taya ma shok ce, ita ce ma ta farko. Mai faci zai dura mata har ta yi ƙarar ganga in an ƙwanƙwasa. Faffaɗar tayar dutse marar tub psi 22 zuwa 28 take so a hanyar ƙasa. Mai tub a ɗan ƙara, kada dutse ya cije tub ɗin. Gyara shok da taya kamar dutse aikin banza ne.

30/
Yanzu abin da littafin kamfani ba zai gaya maka ba, don ba a Zazzau aka rubuta shi ba: yanayi. Safiyar hunturu sanyi kan sauko wajen digiri 15. Tsakar ranar Afrilu zafi kan doshi 40. Iskar da ke kulle a ɗaki ɗaya, in ta yi zafi matsinta ƙaruwa yake.

31/
Na buga lissafin: shok ɗin da ka dura wa psi 200 a digiri 15, in ya kai digiri 40 zai tashi wajen 218. Ba ka taɓa komai ba keken ya yi tauri. Man ciki kuma zafi na tsinka shi, dawowa ta ƙara sauri. Don haka a sake awo duk sauyin yanayi: hunturu, bazara, damina.

32/
Da damina kuma, musamman Agusta, jar ƙasarmu santsi take kamar an zuba kuɓewa, ruwa ya yanka kwazazzabai a hanyar da ka sani lafiya lau makon jiya. Nan laushi kake nema: rage iskar taya kaɗan, buɗe matsewa. Sannan ka rage gudu, don babu saitin da ke maganin ganganci.

33/
Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar shok. Tana manne wa sanda, ta bi ta bakin roba ta shiga, ta haɗu da mai ta zama kamar sanfefa. Duk ka dawo, goge sandar da tsumma mai laushi. Kada ka shafa mata baƙin mai, ƙura yake kira. Kada ka bari a harba mata ruwan injin wankin mota.

34/
RockShox na cewa a buɗe ƙafafun gaba a canza mai duk awa 50 na hawa. Fox na cewa babban gyara duk awa 125 ko shekara guda. Wanda ke zirga-zirga birni zuwa Samaru kullum, awa 50 wata biyu ne ko ƙasa da haka. Kuma da ƙurarmu, gara ka riga lokacin da ka wuce shi.

35/
Na san wani zai ce: "Malam wannan surutun na 'ya'yan masu kuɗi ne, nawa ba ja ba shuɗi, sifirin ne kawai." Gaskiyarka, yawancin wanda ke hannun mutane haka yake. Amma ko shi yana da zoben da ake murɗawa a matse sifirin ko a sassauta. Nitso dai za ka iya aunawa, kuma kyauta ne.

36/
Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya. Akwai shok ɗin baya da ado ne kawai: sifirin ba mai a ciki, ba abin da ke riƙe dawowarsa. Danna sirdi ka saki, in ya yi ta tsalle kamar katifa, shi ne. Ni da in sayi wannan, gara keken da ba shi da shok a baya amma yana da taya mai faɗi da birki na ƙwarai.

37/
Haka wanda injinsa ke cikin cibiyar tayar baya. Nauyin injin yana kan tayar kanta, shok bai ɗauke shi ba, don haka tayar ba ta bin ƙasa da sauri. Zuwa makaranta da kasuwa ba laifi, yana aiki. Amma ba na gangaren dutse ba ne. Kowa ya san iyakar dokinsa.

38/
'Yan uwa masu acaba, ku ma da ku nake. Da yawa daga shok ɗin bayan mashin suna da matakala a ƙasan sifirin. An yi ta ne don a ɗaga in an yi lodi, a sauke in ba kaya. Su biyun kuma dole su zama a mataki ɗaya. Ku duba, za ku sha mamakin mashin nawa ke yawo ɗaya sama ɗaya ƙasa.

39/
Wani kuma zai ce wasan Turawa ne. To su ma ba da kayan tsada suka fara ba. A shekarun 1970 samari ne a Kalifoniya suke gangarowa daga tudu da tsofaffin kekuna marasa shok ko ɗaya. Sai wajen 1989 RockShox ta fito da na gabanta na farko. Gwaji da awo suka kai su nan. Mu ma muna da rula.

40/
Amma fa ga inda zan ɓata wa wasu rai. Gyara shok ba lasisin gudu a cikin birni ba ne. Lungunan Kwarbai, Anguwan Juma da Limancin Kona ba filin tsere ba ne. Yara na fitowa daga zaure a guje, almajirai na zaune a gefe, tsofaffi na tafiya masallaci. Kuma keken nan ba ya ƙara, ba mai jin zuwanka.

41/
Mashin aƙalla yana sanarwa tun daga nesa. Kai kuwa kilo 25 ne da kai a sama, shiru kamar aljani. Shok mai kyau zai sa ka daina jin gargada, sai ka ɗauka ba gudu kake ba. Yaron da ka buge bai san nitsonka kashi 30 ne ba. A lungu, gudun mai feda ya ishe ka.

42/
Ganuwa kuma a bar ta ta huta. Abin da ya rage mata kaɗan ne, ruwan sama da masu ɗibar ƙasa sun riga sun ci rabonsu. Tana cikin kayan tarihin da ƙasa ta ayyana. Taya mai haƙora da ƙarfin inji in ta yanka layi a jikinta, damina ɗaya za ta mayar da shi kwazazzabo. Bidiyon daƙiƙa 15 bai kai wannan ba.

43/
Mai son gwada ƙarfi ya fita bayan gari. Wajen Kufena akwai dutse, akwai gangare, akwai hanyoyin ƙafa. Amma akwai gonakin mutane da masu kiwo, a yi sallama, a bi hanya, kada a ratsa shuka. Hular kwano dole, safar hannu dole. Kada ka je kai kaɗai. Gangaren da ba ka sani ba, fara taka shi da ƙafa.

44/
Ban ce bakanikenmu ba su iya ba. Mutumin da ke kwance injin mashin ya haɗa ba tare da littafi ba, wannan ba zai gagare shi ba. Kayan ne sabo, kuma mu masu kawo aiki ba ma tambaya. Ranar da muka fara cewa "auna min nitso" maimakon "ɗaure min tamau", za a fara ganin famfon shok a gareji.

45/
In za ka saya, ka danna shok kafin ka tambayi batir. In ka riga ka saya, yau da yamma nemo rula da aboki ɗaya, minti ashirin ya isa. Ka turo min nauyinka, tafiyar shok ɗinka da milimitan da ka samu a ƙarƙashin zaren nan, mu duba tare. Mai famfo a birni ko Samaru ya ɗaga hannu, a dinga ara. Allah Ya tsare hanya 🤲